Wanda Ya Ɗauke Kwamfutar Raliya

Ranar Laraba da hantsi aka kawo ƙara caji ofis na Talata Mafara cewa an shiga gidan gashin ƙashi na Malama Raliya an ɗauke kwamfuta. Kafin Sufeto Jatau ya gama jin bayani, wani kofur ya riga ya jefa wani saurayi bayan kanta. Shi kofur, a wurinsa bincike daga kamu yake farawa, tambaya kuwa sai in an sami sarari.

Sunan saurayin Lukman. Sana'arsa saka wa masu shaguna manhaja a waya da kwamfuta, kuma duk jarinsa yardar mutane ce, don har lambobin sirrinsu suke ba shi. Dipi'o ya ce in ba a ga kayan ba, gobe da safe a kai shi kotu. Jatau ya san abin da hakan ke nufi. Ko alƙali ya sallame shi daga baya, ba mai sake miƙa masa waya a garin nan.

Jatau ya hau babur ya nufi wurin. Tun da aka yi masa canjin aiki daga Kontagora iyalinsa suna can, shi yana nan a ɗaki guda bayan barikin, yana cin tuwon saye shi kaɗai. Aiki ne kawai ke rage masa tsawon yini, shi ya sa ba ya ƙin a tura shi.

Gidan gashin ɗaki biyu ne da rumfa a gaba. A ƙarƙashin rumfar an jera bencina, an share ƙasa tas, randa cike da ruwa, amma ba kowa sai wani dattijo mai farin gemu. Dattijon ya miƙe ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi baƙunta, kamar wanda ba ya son gaisuwar ta ƙare. Ya ce sunansa Maiwada, shi ma yanzu yake jin abin da ya faru.

A ciki Raliya ta nuna masa teburin da kwamfutar take. Jatau ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Kuɗin cinikin jiya suna cikin durowa, batirin sola yana inda yake, har wata waya da aka bari a caji ba a taɓa ba. Ɓarawon ya ɗauki kwamfuta da igiyar cajinta, ya fita, ya mayar da kwaɗo ya kulle.

"Mene ne a cikin kwamfutar da ya fi kuɗi daraja?" in ji Jatau.

Raliya ta zauna ta yi masa bayani. Yawancin masu zuwa wurinta mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye ne, ana kawo su daga Bakura, daga Maradun, har daga ƙauyukan Janbako. Da can kowa sammako yake yi ya kama layi, a yini a rumfa, na ƙarshe ba ya samun shiga sai rana ta yi sanyi. Hanyar Maradun kuwa kowa ya san ba a binta da yamma. A daminar bara wata tsohuwa ta makara, ta kwana a tasha a kan tabarma, tun daga ranar Raliya ta ce ba za ta sake tara mutane haka ba.

Shi ne ta shiga neman manhajar da za ta riƙa yanka wa kowa lokacinsa ta intanet. Biyu ta gwada. Ta farko ta wani kamfani ce a Legas, kyakkyawa, amma da Turanci take, tana son babbar waya da data, kuma sai mutum ya biya kafin alƙalami kafin ta ba shi lokaci. Ta biyun ita ce Lukman ya kawo. Ba ta da ado, takan tsaya in sabis ya yi rauni, amma tana tura saƙon tes da Hausa ko a ƙaramar waya, tana tuna wa mutum da safe, kuma an saita ta ta ba na nesa lokacin hantsi, na cikin gari bayan azahar.

"Wacce kika zaɓa?"

"Ban kai ga yanke shawara ba, yallaɓai. Jiya mun yi musu da Lukman kan tsayawar da tasa take yi, na ce mai yiwuwa in koma wa ta Legas. Ya fita da fushi. Abin da na hwaɗa wa kofur ke nan, ban ce shi ya ɗauka ba."

Makullin ƙofar biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a hannun Ishaq, mai karɓar baƙi. Ishaq ya rantse nasa bai taɓa barin aljihunsa ba, shi ke kullewa, shi ke buɗewa da asuba. Ya rantse fiye da yadda aka tambaye shi.

Jatau ya koma ofis ya sa aka fito da Lukman. Idanunsa sun yi ja. Ya ce jiya daga wurin Raliya motar Gusau ya shiga, can ya kwana wurin wani aboki. Da aka tambayi sunan abokin sai ya tsaya lalube. Jatau bai matsa masa ba, ya tafi tasha, inda ɗan kamasho ya tuna saurayin sarai: motar Bakura ya shiga da la'asar.

A Bakura bai sha wahala ba. Wani mai kemis a bakin kasuwa ya ce wurinsa Lukman ya zo, ya saka masa irin manhajar nan, suka ci tuwo tare, ya kwana a shagonsa, da safe ya tafi. Ya ce yaron ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, don ya yi wa Raliya alkawarin ba zai kai wa wani ba sai ta gama gwaji. Ƙaryar ke nan, ta jin kunya ce, ba ta sata ba.

Da mai kemis ya ji abin da aka sace sai ya yi dariya. Ya ce ai ko Lukman ya haukace ba zai ɗauki kwamfuta don ya ɓata wa Raliya aiki ba, shi da ya san komai yana can intanet. A jefa kwamfutar rijiya ma, saƙo zai ci gaba da fita.

Jatau ya yi ta juya maganar a kan hanyar komawa. Ɓarawon ba kuɗi yake so ba, kwamfutar yake so ta bar wurin. Kuma mutum ne da bai san cewa ɗauke ta ba ya tsayar da komai ba.

Ya iso Mafara an fito sallar azahar. Bai shiga gidan gashin ba, ya tsaya wurin mai shayin da ke tsallaken titi, ya sayi ruwan bunu, ya yi tambaya kamar mai hira. Mai shayin ya ce Ishaq dai bai taɓa ganin asuba a wurin nan ba, sai rana ta fito sosai yake zuwa yana hamma. Makulli a saman dakalin ƙofa yake ajiye shi, ƙarƙashin wani bulo, Baba Maiwada ke buɗewa ya yi shara.

Ishaq bai ja da nisa ba. Da Jatau ya ambaci bulo sai ya sunkuyar da kai, ya roƙi kada Malama ta ji.

"Bencinan nan na waje, kullum haka ake jera su?"

"A'a, yallaɓai. Tun da anka fara gwajin nan babu mai zaman jira, sai Malama ta ce a tara su cikin sito. Guda ɗai anka bari."

"Wa ya fito da su yau?"

"Haka na iske su."

Jatau ya fita rumfa. Maiwada yana nan inda ya bar shi da safe. Jatau ya zauna kusa da shi, dattijon ya matsa masa da murna, ya ɓare goro ya miƙa masa ɓari. Bai jira tambaya ba ya kama labari. Shi mutumin wani ƙauye ne a yankin Janbako, fataucin shanu ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Garinsu ya watse, matarsa ta rasu a nan Mafara, 'ya'yansa suna kudu, sukan aiko da abin cefane. Ciwon ƙafa ya fara kawo shi wurin Raliya. Ƙafa ta warke, shi bai daina zuwa ba.

Suna cikin haka babur ya tsaya da wani magidanci da mahaifiyarsa. Mutanen Maradun ne da suka sauka wurin dangi a cikin gari. Jatau ya tambaye shi yadda aka yi ya san lokacin zuwa. Mutumin ya zaro ƙaramar waya ya nuna: saƙo ya shigo yau da safe, kamar kullum. Ya gaida Maiwada a tsaitsaye, ya tallabi tsohuwa suka shige, don lokacinsu ya yi.

Jatau ba wayar yake kallo ba, fuskar dattijon yake kallo. Goron ya tsaya a bakinsa.

"Yau da sahe ya ce?" Maiwada ya tambaya a hankali. "To ina abin ya hito, tunda akwatin ba shi nan?"

Jatau ya gane ya sami wanda yake nema. Ya sha kama ɓarayi yana jin daɗi, wannan kam bai ji ba.

"Baba, da safe ka ce mini yanzu kake jin labarin satar."

"Haka na ce."

"Amma tun asuba ka fito da bencina, ka cika randa. Wa kake jira?"

Dattijon ya dubi bencinan ɗaya bayan ɗaya. 

"Mutane nika jira, yallaɓai," ya ce. "Na ɗauka in babu akwatin, kowa za shi dawo ya kama layi kamar da. Nan ɗai nika jin labarin gida. Wa ya rasu, wa ya koma, gonar wa anka noma. Tun da anka kawo abin ga, mutum shi zo shi shige shi hita, ko zama ba ya yi. Sai in yini ban yi magana da kowa ba in ba gaisuwa ba."

Ya ce bayan magariba ya ɗauki kwamfutar, da Ishaq ya tafi. Bai san za a kama yaron mutane ba. Da ya ga kofur ya tafi da shi ya so ya yi magana, sai kunya ta riƙe masa baki, ya ce bari dai ya ga ko mutanen za su zo.

Ɗakinsa yana bayan mahauta, ɗaki guda, tabarma da buta da rediyon da ba batir. Kwamfutar tana ƙarƙashin filo, an naɗe ta cikin wankakken rawani, igiyar cajin a nannaɗe gefe. Ko ƙura bai bari ta taɓa ta ba.

Da suka koma da ita Raliya ta riƙe baki. Ta ce ita ta janye ƙara, a bar tsohon ya tafi gida. Jatau ya ce ba a hannunsa abin yake ba. An riga an buɗe fayil, Dipi'o ya tafi Gusau sai da safe, kuma ba zai iya fito da Lukman yau ba sai wanda ya ɗauki kayan ya je ya ba da bayani da bakinsa. Ta ce to gobe da sassafe tana ofis. Ta kuma ce a gaya wa Lukman tasa za ta ɗauka, don yau ba kwamfuta amma ba wanda ya ɓata lokacinsa. Ta faɗi haka ne ba ta dubi Maiwada ba, shi ma bai ɗago ba.

Jatau bai sa masa ankwa ba. Ya bar babur wurin mai shayi, suka taka a ƙasa, yana rage sauri saboda tsohon.

A ofis aka rubuta bayani, Maiwada ya dangwala yatsa. Aka fito da Lukman. Dattijon ya tare shi ya ce, "Ka yahe mani, ɗana." Lukman ya dube shi, ya dubi Jatau, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya karɓi wayarsa da takalmansa ya fita da sauri.

Kofur ya zo da makulli. Maiwada ya cire hularsa ya miƙa, ya bi shi, sai ya tsaya a bakin lungun ɗakin tsarewa ya waiwayo.

"Yallaɓai, inda za a sa ni, ni ɗai ne, ko akwai mutane?"

"Akwai mutane, Baba. Har da wani ɗan wajen Maradun."

"To, madalla," in ji Maiwada. Ya gyara rigarsa ya shiga.

Jatau ya tsaya har ya ji muryarsa daga ciki ta fara gaisuwa, tana tambayar gajiya, tana tambayar mutanen gida. Sannan ya tafi ɗauko babur ɗinsa.