Motar Da Ta Juya Baya

A cikin taksi Tijani ya fara ganin Mansura, ranar da ƙofa ta datse mata yatsa. Kafin ta rufe baki daga ihu har ya naɗe yatsan tsaf da hankicinsa.

"Likita ne kai?"

"Magini. Da can soja ne ni a Nijar, mai kwaso waɗanda aka harba."

Yatsa ya warke, zuciya ta kamu.

Mahaifinta Alhaji Zakari, mai kantin atamfa a kasuwar Tamanrasset ta Aljeriya, ya kusa amincewa da aurensu, sai Isufu direba, wanda ya daɗe yana nemanta, ya zo da rantsuwa.

"Da idona na gan shi a hanyar Diffa, Alhaji. Sojoji na kutsawa cikin wuta, shi ya juya mota ya arce."

"Ba na ba matsoraci ɗiyata," in ji Alhaji.

Mansura ta rubuta wa Tijani: "Masoyina, Juma'a Baba zai ba Isufu ni. Don Allah zo ka kare kanka."

Amsa ta zo: "Hasken idona, gaskiya ne na juya. Waɗanda na ɗauko, ba duka na kai asibiti da rai ba. Bakina ba ya iya wannan labari."

Ta yi kuka mai isarta. Can ta tuna Sharifu, mutumin da Tijani kan je dubawa a garkar dabino ta ƙauyen Abalessa, ta kama hanya.

Ran Juma'a, an shimfiɗa tabarmi, Isufu ya sha babbar riga, sai ga Sharifu yana dogara sanda, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe.

"Alhaji, ina kwance bayan motar nan. Ya sauke mu asibiti ya koma, harsashi na ruwa, ya yi ta kwaso wasu har aka harbe shi a kafaɗa." Ya dubi Isufu. "Da ka tsaya ai da ka ga komawarsa. Kai ina ka nufa?"

Isufu ya shiga neman takalmansa.

Alhaji ya aika aka kira Tijani, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana, ka yafe mini. Hannun da ya ɗauki 'ya'yan mutane zai riƙe mini tawa."

A kan tabarmin nan aka ɗaura auren. Mansura na bayan labule, tana dariya tana hawaye. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.