Fankar da Ba Ta Mutu Ba

Ƙarya ce ta haɗa Mudassir da Afra'u, kuma ba mutum ne ya yi ta ba, na'ura ce.

A cibiyar jarrabawar kwamfuta ta Alhaji Abdulmumin da ke Gaya akwai wata baƙar na'ura da ake kira saba, ita ce uwar duk kwamfutocin wurin. Ran da fankar cikinta ta ƙone aka kira Mudassir, mai gyara ɗan Toranke. Afra'u, 'yar Alhaji, ita ta buɗe masa ɗakin, ta tsaya tana kallon yadda yake lallaɓa wayoyi kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ya sa sabuwar fanka, ya gaya mata na'urar nan ba ta da maƙiyi irin zafi. Ta ce ta ji. Ya hau babur ya tafi, zuciyarsa kuwa a ɗakin ta zauna.

Sai na'ura ta koyi kuka. Da rana ta take, sai ta aika saƙo wayar Alhaji da ta Mudassir wai fanka ta mutu. Mudassir ya keto gonaki a guje, ya tarar da fanka na juyawa lafiya lau, ga Afra'u da kofin zoɓo. Gobe ma haka.

Ya rubuta wa Afra'u: "Farin wata, yau ma ta yi mini ƙarya, amma na yafe mata tunda na gan ki."

Ta amsa: "To Allah ya ƙara mata baki, Injiniyana."

Bashir, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya daɗe yana son Afra'u, shi ya kai tsegumi wai Mudassir ne ya shirya kukan don ya riƙa zuwa zance a fakaice. Alhaji ya kira shi zaure.

"Wanda ya koya wa ƙarfe ƙarya, ba zan ba shi 'yata ba. Ka nuna mini dalilin kukan nan kafin jarrabawa, ko ka manta hanyar gidana."

Mudassir ya canza wayar da ke kai wa fanka wuta, ya canza mazaunin fanka, kuka bai daina ba. Rannan ya zo tun da hantsi bai jira saƙo ba. Yana leƙa ɗakin na'urar ya ga Afra'u a kan kujera tana rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ta sunkuyar da kai, ta ce haka kakarta ke yi wa randa, kuma ai shi ya ce zafi ne maƙiyin na'urar.

Ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ya bayyana mata cewa sabuwar fankar dama mai tafiyar hankali ce. In ɗaki ya yi sanyi sai ta ƙara lafawa, ita kuwa na'ura ta saba da gudun tsohuwar, sai ta ɗauka ta mutu. Nan take ya saita na'urar yadda za ta yarda da gudun sabuwar fankar, ya roƙi Afra'u ta sauke buhun, don laima ma ba ta yi wa ƙarfe daɗi.

Ya so ya rufa mata asiri, ta ƙi. Da kanta ta durƙusa gaban mahaifinta da buhun a hannu.

"Baba, laifina ne. Shi bai taɓa yi maka ƙarya ba."

Alhaji ya juya buhun yana murmushi. Ya ce yarinyar da ta tausaya wa ƙarfe haka, mijinta ya huta. Ya ce Mudassir ya turo magabatansa.

Jarrabawa ta wuce na'ura ba ta ce uffan ba. Bayan girbi aka ɗaura aure, mutanen Toranke suka cika ƙofar gida, har Bashir ya taya rabon goro. Ango na tsakiyar gaisawa wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka na'ura ce ta koma kuka. Ya duba, ashe amarya ce.

"Fanka lafiya lau, Injiniyana. Amma ka zo."

Allah ya sanya albarka, ya sa gidansu ya fi randa sanyi.