A-kori-kurar da Ta Ƙara Murya

An sallami bakaniken da aka tsare bisa zargin sace akwatin iska daga wata a-kori-kura, bayan direban motar ya amsa cewa shi ya cire da hannunsa. Direban, wanda ake kira Cika-Gudu, ɗan 'yar'uwar mai motar ne. Binciken bai wuce wuni guda ba.

Ranar Alhamis da safe mai gidan bulo ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Ya ce motarsa, wadda ta saba hawa tudun bayan kasuwa da cikakken lodi, yanzu ta kasa. Da aka buɗe bonet, babu akwatin da filta ke ciki, babu bututun da ke jawo iska daga waje. Shekara goma sha ɗaya, bakanike ɗaya ke taɓa injin. Shi aka kama, mai gidan kuma ya rantse ya raba gari da shi.

Sufeto ya fara da motar. A gurbin akwatin ya ga wata jar filta mai siffar mazurari, an ɗaure ta da waya.

"Yaushe ka fara ganin wannan?" ya tambayi direban.

"Tun ranar Asabar da ta dawo daga sabis, Yallaɓai. Ni ko sifana ban iya riƙewa ba."

"Ɓarawon kirki ne," in ji Sufeto. "Ya saci tsoho, ya bar sabo."

A bayan kanta ya sami bakaniken zaune, ya harɗe hannuwa.

"Baba, kai ka sa jar filtar?"

"Ni? Da waya? Yallaɓai, ka tsare ni kan sata idan ka ga dama, amma kada ka ce na ɗaure filta da waya."

"Mene ne aibinta?"

"Inji iska mai sanyi yake so. Da ita mai ke ƙonewa sosai, ƙarfi ya fito. Akwatin da bututunsa daga waje suke jawo ta. Wannan jar abar kuwa tana zaune a gefen inji, zafinsa take shaƙa. Da an yi mata shamaki an kai bakinta inda sanyi yake, wataƙila ta ƙara ɗan abu. A yadda take, ƙara za ka samu, ba ƙarfi ba."

"Ƙara sosai?"

"Har kurma sai ya waiwaya."

Sufeto ya koma layin gidan bulon yana tambayar masu shaguna ranar da motar ta fara ƙara. Kowa ya nuna masa shagon wata tela a tsallaken titi, inda motar ta fi yawan tsayawa.

"Ranar Talata ta fara," in ji telar, ba ta ɗago daga keken ɗinkinta ba. "Lahadi da Litinin shiru direban ya wuce, kamar mutumin arziki."

"Kin tabbata?"

"Hannun rigar mutane na lalata saboda firgita. Ya tsaya a nan ƙofa yana taka totur, ya buɗe bonet wai in zo in ga sabon maƙogwaron motarsa."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya matsa, yana tare mini haske."

Da tsakar rana Sufeto ya sa aka loda bulo. Ya zauna a gaba, mai gidan a tsakiya, Cika-Gudu a sitiyari. Motar ta tashi da rugugi. A rabin tudun ta fara nishi, direban ya sauko zuwa giya ɗaya. Wani mai keke ya wuce su, har da ɗaga musu hannu.

"Wannan maƙogwaron ka nuna wa tela ranar Talata?" Sufeto ya tambaya.

Cika-Gudu ya ja birkin hannu.

"Kawu, wallahi ƙarfi na so in ƙara mata. Abokaina suka ce akwatin ne ke shaƙe ta."

"Shi ne ka bar dattijo ya zauna a bayan kanta?" kawun ya ce. "Ina akwatina?"

"Masu tara tsofaffin ƙarafa suka ɗauka. Na ajiye a bayan katanga."

Da suka sauko, wani kofur ya wuce da Cika-Gudu ofis, aka rubuta bayaninsa kan ba da labarin ƙarya. Mai gidan bulon ya tari bakaniken a bakin ƙofa, ya cire hula, ya ba shi haƙuri sau uku, ya roƙe shi ya gyara motar.

Bakaniken ya karɓi jakar sifanunsa daga hannun kofur, ya ƙirga su, ya tafi. Har aka rufe fayil ɗin, bai ce zai koma taɓa motar ba.