Hudar Tankin Celestino

Rana na shirin faɗuwa Teodomiro ya saɓa tankin mai a kafaɗa ya nufi bakin kogi, yana tafe yana zage-zage. Tun safe yake fama da abin nan. Ya goga sabulu a hudar, fetur ya ci gaba da ɗiga. Ya liƙa gam, ya jira ya bushe, ya zuba mai, sai ga ɗigo. Ya narka ƙaro ya shafe wurin, duk a banza. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne liƙin ba ciki yake faɗawa ba, waje yake tasowa, kamar daga ciki ake turo shi da yatsa.

Kuma ba ranar wasa ba ce. Matarsa Otilia na kwance, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ta ce lallai gobe da sassafe a kai ta asibitin gari, tafiyar da babu mai yin ta da filafili. Mazan ƙauyen duk sun haura sama kamun kifi da injinansu. Tankin injin kwale-kwalensa kuwa tsatsa ta mayar da shi rariya. Shi ya sa ya zagaya bayan coci ya kwanto tankin injin Celestino, mutumin da kogi ya ci a ambaliyar bara. An tsamo injin a cikin koma, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Tun lokacin babu wanda ya taɓa injin. Teodomiro bai ga dalilin da zai sa a bar ƙarfe mai kyau ya ruɓe don tsoro ba.

Yayarsa Zoila ta tare shi a hanya, taba naɗin hannu na ci a bakinta.

"Teo, tsaya in busa maka hayaƙin tsari. Ba a shiga kogi da almuru babu hayaƙi, ka sani sarai."

"Matsa da wutar nan, Yaya! Fetur ne a jikina har wuya. So kike ki gasa ni kamar kifi?"

"Kai dai da taurin kai aka haife ka. Ga kayan mamaci, ga almuru, ga babu hayaƙi."

"Mamacin ya zo ya liƙe kayansa mana, in huta."

Yana da gaskiyarsa, mai aikin fetur ba ya kusantar wuta. Ita ma tana da tata. Ya raɓa ta ya wuce.

Babu kowa a bakin kogi. Warin laka da ruɓaɓɓen ganye ya cika wurin, kwaɗi na ta kuka, sauro na cin wuyansa. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ya ɗaure murfin tam, ya danna tankin ƙarƙashin ruwa, ya sa tiyon tankin a baki. Haka ake neman huda: ka hura, inda kumfa ta taso, nan ɓarnar take. So yake ya ga ko akwai wata ɓoyayyar tsaga da ke raina masa hankali.

Ya hura. Kumfa siririya ta taso daga wuri ɗaya tak. Ya ja tsaki ta hanci, ya daina hurawa.

Kumfar ba ta daina ba.

Sai ya lura kwaɗin sun yi tsit.

Tiyon ya motsa a bakinsa. Iska ta dawo masa, sanyi ƙalau, mai warin ƙasan kogi. Sannan aka zuƙa. Numfashin da ke ƙirjinsa aka ja, a hankali, kamar mai shan kunu. Ya yi ƙoƙarin tofar da tiyon, ya ji ya manne wa leɓensa. Tankin ya yi nauyi, wani abu ya rataya da shi daga ƙasa.

Ta cikin tiyon muryar ta zo. A haƙoransa ya ji ta.

"Ka daina toshe ni."

Ruwa ya kai masa cinya, alhali bai ɗaga ƙafa ba.

"Ta nan nake shan iska."

Mai hankali da ya saki tankin ya ruga. Amma takaicin yini guda ya fi ƙarfin tsoronsa. Ya gartsa wa tiyon cizo har ya tsinke, ya fizgi tankin da iya ƙarfinsa, ya faɗi da baya cikin laka, ya rarrafa ya hau tudu yana haki. Bai waiwaya ba.

Kafin ya isa gida tsoron ya koma fushi. Shekara da shekaru yana liƙe tankunan janareta da famfon ban ruwa da injin yankan katako, yau mamaci ne zai hana shi kai matarsa asibiti? Ya tarar Zoila ta shige ɗaki wajen mara lafiya. Ya ɗauraye tankin har warin mai ya fita, ya gasa ƙarfen liƙi a garwashi, ya narka dalma a kan hudar. Ta bangon katako yana jin kukan ƙirjin Otilia, yana hawa yana sauka. Dalma ta kwanta sumul. Ya jira. Ba ta taso ba.

"To, turo mu gani," ya ce ƙasa-ƙasa.

Sai ya ji gidan ya yi shiru.

Kukan ƙirjin ya tsaya.

"Teo!" Zoila ta ƙwalla daga ɗaki. "Ba ta numfashi! Teo!"

Ya zabura zai ruga ciki, sai ya tsaya cak. Ya dubi tankin.

Ya rarumo ƙusa da guduma. Bugun farko ya sami yatsansa. Na gaba ya huda dalmar.

Iska ta yi fito ta hudar. A ɗaki Otilia ta ja wani dogon numfashi, ta fashe da tari.

Da asuba suka kama hanya da tanki mai yoyo, Zoila na riƙe da ƙwarya a ƙarƙashinsa, tana tara ɗigon tana mayarwa, tana yi masa faɗa har gari. Otilia ta ji sauƙi, ta dawo gida da ƙafarta, ba ta san komai ba.

Tankin na nan rataye a rumfar aikinsa. Mayar da shi kogi ba zai yiwu ba, ruwa zai cike hudar. Kullum da safe, kafin ya sa komai a baki, sai ya zura allura ya tabbata a buɗe take. Rannan ya ɗan makara, ashe zanzaro ya gano wurin ya fara ɗora laka. Yana zaune da kofin shayi a hannu, Otilia ta dafe ƙirji a bakin murhu.

"Teo, yau iskar nan nauyi gare ta."

Ya yar da kofin ya ruga rumfa.