Ƙarfen Layin 'Yan Kwal

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Baba Bamidele a Sabon Gari. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Mutumin da ya shekara talatin yana zuba wa jirgin ƙasa kwal ba ya kasa gane dutsen da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layin dogo. Shi ne kuwa, har da ɗuminsa.

Kwana tara ana haka. Rana na faɗuwa sai jifa, sannan 'yarsa Adenike ta miƙe a tsakar gida, ido a kafe, ta saki kukan jirgi har kajin maƙwabta su watse. Fasto ya yi addu'a, likita ya duba bai ga komai ba. Yarinya ta daina cin abinci, kullum ƙarewa take.

Aka ɗauko Malam Tanimu daga Samaru. Ya zauna kusa da ita yana karatu a hankali, har muryar wani tsohon aljani ta fito daga bakinta.

"Malam, bar ƙona ni. Tambayi ɓarawon nan ina ya kai mini gida."

"Ni ne ɓarawo?" in ji Baba.

"Ƙarfen da matarka ta ɗaura wa igiyar shanya, na ubanka ne?"

Guntun ƙarfen dogo ne, wanda a da yake riƙe da allon sunan layinsu, Layin 'Yan Kwal. Da ƙaramar hukuma ta tumɓuke shi ta kafa sabon allo mai sunan surukin ciyaman, Baba ya tsince shi a kwata ya kawo gida.

"Tun jirgin farko nake cikinsa," in ji aljanin. "Dangina daga Kafanchan da sunan nan suke nemana. Ƙanwata ta zo, ta yi ta yawo har bakin kogin Kubanni, ta koma tana kuka. Ni kuma ga ni nan riƙe da wandunanka!"

"Za a mayar da ƙarfen," in ji Malam. "Saki yarinya."

"Da sunan."

"Sunan na hukuma ne, bawan Allah. In aka goge sabon, kama uban yarinyar za a yi."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe aljanin ya yarda a kafa ƙarfen gindin sabon allon, a rubuta tsohon suna a bayansa, tunda danginsa ta wajen tasha suke ɓullowa. Amma duk ranar da sunan ya ɓace, ya san hanyar gidan. Adenike ta yi atishawa uku, ta zube, ta farka tana neman ruwa.

Wata bakwai tsakani aka yi sabon ciyaman, shi ma da nasa surukin. Da la'asar ma'aikata suka cire wancan allon suka kafa sabo. Ko juya baya ba su yi ba, sai ga Baba Bamidele da kujera da gwangwanin fenti, yana kallon rana.

"Ku matsa mini," ya ce. "Ku ba ku da 'ya'ya ne?"