In Ka Ji Zafi, Ɗaga Hannu

Ranar da Mai Jita, wani makaɗi, ya fara shigowa ɗakin aikinta, Likita ta ga ƙato guda yana karkarwa don kawai ya ji ƙarar injin gyaran haƙori. Ta saka masa abin sauraro a kunne, ta kunna kiɗa mai taushi, ta ce in ya ji zafi ya ɗaga hannu.

Sau uku yana ɗagawa, sau uku tana tsayawa. Ashe bawan Allah bin kiɗan yake da yatsu. Dariyar da ta yi ranar ita ta ja musu komai.

Bayan sati biyu saƙonsa ya shigo: "Likitata, haƙori ya yi shiru, amma zuciya ta kama ciwo. Ga hannuna a sama."

Ta amsa: "Matsoracina, wannan ciwon sai a gaban Baba."

Baba kuwa ya yi tsalle ya dire, ya ce bai raini likita don makaɗi ba. Ta yi kuka har ta gode Allah. Ba ta iya saɓa masa, ba ta kuma iya cire yaron daga ranta.

Ana haka haƙorin Baba na can ciki ya tashi. Tsohon da ko tari ya yi gida ke tsit, sai ga shi yana ɓoye kumburarren kunci don tsoron allura. Mama ce ta tasa shi gaba har kujerar 'yarsa. Gumi ya karyo masa, ya ƙi buɗe baki.

Likita ta saka masa kiɗan da Mai Jita ya naɗa wa majinyatanta, ba ta faɗi mai shi ba. A hankali kafaɗun Baba suka sauka, baki ya buɗe, ta yi aikinta ta gama.

Sai ya ɗaga hannu. Ta yi sauri ta kashe kiɗan.

"Baba, zafi ne?"

"Wai har an cire?" ya tambaya, baki cike da auduga. "Wa ya kaɗa wannan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce makaɗin nan ne. Ya dube ta ya ce:

"Wanda ya kwantar min da hankali zai iya riƙe ki. Ya turo manyansa."

Ajiyar zuciyar da ta sauke, har Mama ta ji daga bakin ƙofa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka. In ta ɗaga hannu, ɗana, ka tsaya ka saurare ta."