Robar da Ba a Mayar Ba

Ranar Litinin da safe, a garin Timmins, tsoho Wilf Desrosiers ya buɗe kwalin takalmin da yake ajiye katunan 'yan wasan hokin ƙanƙara, ya tarar kati ɗaya ya ɓace. Kafin 'yar sanda Sajan Noreen Halvorsen ta iso, har ya jefar da akwatin 'yarsa Lorraine waje, cikin dusar ƙanƙara.

"Ita ce," in ji shi, yana haki. "Tun da ta ji katin zai yi dala dubu arba'in ta hana ni sakat, wai in sayar. Katin yayana ne, marigayi. A cikin ƙunshin cingam ya same shi muna yara."

Lorraine na tsaye a bakin kicin, idonta jawur. "Shekara shida ina yanke maka farce, Baba. Yau ni ce ɓarauniya?"

Noreen ta duba kwalin. Katuna sun fi ɗari uku, an jera su tsaf bisa lambar da ke bayansu. A gefe ga wata tsohuwar roba an naɗe ta an ajiye. Ta tambayi tsohon ko shi ya jera su. Ya harare ta, ya ce shekara sittin a hargitse suke, ɗaure da wannan robar, kamar yadda yayansa ya bar su.

Ban da Wilf, mutum uku ne suka kasance a gidan a makon. Mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki bai wuce ɗakin ƙasa ba, kuma Wilf na tsaye a kansa yana masa faɗa har ya gama. Noreen ta cire shi daga zargi. Lorraine kuwa, da Noreen ta miƙa mata kati guda, sai ta damƙe shi a tsakiya da yatsun da ke da maiƙon soya ƙwai. Saura Murray Tkachuk, maƙwabci, wanda ke kwashe musu ƙanƙarar ƙofa, ya shigo ya sha kofi.

Aka kira shi. Ya yi dariya ya ce shi kamun kifi ya sani, bai san ma ana sayen wannan tarkacen ba.

"Shi ke nan," in ji Noreen. "Zan tafi da su ofis."

Ta tattara katunan, ta ɗauki robar, ta ja ta, ta fara naɗawa da ƙarfi, har gefen katin sama ya soma lotsawa.

"Ke, tsaya! Za ki lalata gefen..." in ji Murray, hannunsa a miƙe.

Noreen ta ajiye robar a hankali. Ta ce ɓarawon da ke neman kuɗi kawai da kwalin zai tafi gaba ɗaya. Wanda ke son ɓoye sawu kuma zai mayar da robar yadda ya gan ta. Amma wanda ya san cewa ɗan lotsi a gefe na iya raba darajar kati biyu, hannunsa ba zai iya mayar da ita ba. Ya zauna ya jera su, don ransa ba zai bari ya bar su a hargitse ba.

A ɗakin ƙasan Murray aka sami katin cikin ɗan akwatin gilashi, tsakiyar wasu dubbai da ko matarsa ba ta san da su ba.

"Kashe shi kake yi, Wilf," in ji Murray, ana saka masa ankwa. "Roba fa, a kan irin wannan katin."

"Kofina ka sha shekara ashirin, munafuki," in ji Wilf.

Da motar ta tafi, Wilf ya juyo ya kasa haɗa ido da 'yarsa. Ya yi gyaran murya, ya ce ai ƙanƙara za ta jiƙa mata kaya, ta shigo da akwatin.

Lorraine ta ɗauko sandarsa da hularsa ta miƙa masa, ta buɗe ƙofa.

"Wanda ya fitar da shi," ta ce, "shi zai shigo da shi."